Yadda Ake Neman Kwas ɗin Hutun Bazara a Italiya: Harshe, Fasaha da Al'adu

Shekara da shekaru ina haɗa wa ɗalibai takardun tafiya irin wannan, ni ma na zauna a ajin, kuma abin da ya fi kayar da mutane shi ne makara. Mutum zai ga sanarwa a watan Mayu, kwas kuma a Yuli, ya tashi a guje, alhali layin biza kaɗai zai iya cinye masa makonni. Wanda ke son zaman Yuli ya fara shiri tun Disamba ko Janairu. Bazarar da suke nufi ita ce daga Yuni zuwa Agusta, wato tsakiyar daminarmu, kuma yawancin kwasa-kwasan na mako 2 zuwa 8 ne.

Kayan da za ka tanada kafin komai

- Fasfo mai shafi 2 da ba a buga komai a kai ba, wanda bai wuce shekara 10 da fitowa ba, kuma zai kai aƙalla wata 3 yana aiki bayan ranar dawowarka.
- Wasiƙa daga makarantarka ko wurin aikinka, mai tabbatar da cewa kai nasu ne, sun ba ka izini, kuma suna jiran dawowarka a rana kaza.
- Takardar sakamakon karatunka zuwa yanzu.
- Bayanan asusun banki na watanni 6, naka ko na wanda zai ɗauki nauyinka.
- Hotunan fasfo masu farin baya.
- Katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa.
- Adireshin imel guda mai ɗauke da sunanka na gaskiya, da jaka guda ta roba da za ka riƙa tara kwafin kowace takarda a ciki.

Duba rubutun sunanka a duk takardun nan. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, Moh'd a banki: a wurin jami'in biza mutum uku ne. Idan akwai saɓani, je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu.

1. Yanke shawarar abin da za ka je nema

Kwasa-kwasan iri uku ne, kuma kuɗinsu ya sha bamban. Akwai na harshe zalla da jami'o'in gwamnatin Italiya ke yi wa baƙi. Akwai na tarihin fasaha da al'adu da ake koyarwa da Turanci, a makarantu irin su John Cabot University da ke Roma ko Cibiyar Lorenzo de' Medici da ke Firenze (Florence), waɗanda aka tsara su musamman don ɗaliban Amurka. Akwai kuma gajerun tarukan bazara da tsangayoyin jami'o'i kamar Bologna da Ca' Foscari ta Venezia (Venice) ke shiryawa kan wani fanni guda.

Na Turancin suna da tsari, ga masauki a shirye, ga yawon gani da ido a cikin kuɗin, amma ana maganar dubban yuro ne. Na jami'o'in gwamnati kuwa kuɗin karatun wata ɗaya 'yan ɗaruruwa ne, sai dai kai za ka nemo ɗaki ka ciyar da kanka. Ga wanda ke tara kuɗinsa da naira ko sefa, shawarata a kullum ita ce kwas na harshe zalla a jami'ar gwamnati. Ka koyi harshen da safe, da rana ka fita ka ga zanen da idonka.

2. Zaɓi gari da makaranta

Kowa Roma ko Firenze yake faɗa da farko. Ni kuwa garuruwa biyu nake fara nuna wa ɗalibi.

Perugia, da ake furtawa Peruja, tana da Università per Stranieri, jami'ar da aka gina don koya wa baƙi Italiyanci, wadda darussanta suka faro tun 1921. Babban gininta, Palazzo Gallenga, yana daf da tsohuwar ƙofar gari ta mutanen Etruska, wadda ta haura shekara 2,000. Ita ke ba da shaidar ƙwarewar harshe ta CELI. Garin a kan tudu yake, ɗalibai sun cika shi, haya ta fi sauƙi, kuma Assisi ba ta kai tafiyar rabin sa'a a jirgin ƙasa ba.

Siena ma tana da tata jami'ar baƙin, wadda tushen darussanta ya koma 1917, mai ba da shaidar CILS. Daga can zuwa Firenze tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci ce a bas, don haka za ka ga manyan gidajen zane ba tare da ka biya hayar Firenze ba.

Dalilin da ya sa na fi son ƙananan garuruwan nan bai tsaya ga kuɗi ba. A tsakiyar Firenze, da mai shago ya ga fuskarka zai amsa maka da Turanci, ka yi wata guda ba ka sayi ko burodi da Italiyanci ba. A Perugia tsohuwar da ke sayar da tumatir za ta tsaya ta gyara maka kalma.

Idan waɗannan ba su samu ba, akwai makarantun ƙungiyar Dante Alighieri, wadda aka kafa a 1889, masu ba da shaidar PLIDA. Makaranta mai zaman kanta da ba ka taɓa ji ba kuwa, tambaye ta ko tana shirya ɗalibai wa CELI, CILS ko PLIDA, kuma sa'a nawa ake karatu a mako. Nemi wadda ke yin aƙalla sa'a 20. Kwas na sa'a 6 a mako ba zai gamsar da jami'in biza cewa karatu za ka je ba.

Duba kalandar garin kafin ka zaɓi wata. A Siena ana sukuwar dawaki ta Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta. Wanda ya saba da hawan sallah zai so ganinta, unguwa-unguwa da tutocinsu da ganguna, amma ɗaki yana wuya a makon. A Perugia bikin kiɗan Umbria Jazz na Yuli yana cika gari haka nan. Ranar 15 ga Agusta kuma hutun Ferragosto ne, kuma a makonnin da ke kewaye da shi ofisoshi da shaguna da yawa a rufe suke. In kana da zaɓi, Yuni ko Yuli sun fi Agusta.

3. Daidaita da makarantarka ta gida

Kalandar jami'o'inmu ba lallai ta dace da tasu ba, kana iya samun kanka a tsakiyar zangon karatu. Je wurin shugaban sashenku da wuri, ka nemi izini a rubuce. In kana son a lissafa maka kwas ɗin cikin makinka, tambayi makarantar Italiyan ko tana ba da CFU, ma'aunin karatunsu, wanda kowane ɗaya yake daidai da aikin sa'a 25. Kai wa sashenku manhajar su amince kafin ka tafi. Bayan ka dawo, magana ta zama roƙo.

4. Cika fam, ka biya, ka karɓi wasiƙar shiga

A shafin makarantar na intanet za ka cika, kai da kanka. Ba ka buƙatar ɗan tsakani. Wani ɗalibina ya taɓa ba wani "wakili" kuɗin ajiyarsa na shekara biyu, aka kawo masa wasiƙa mai tambari mai kyau, da muka aika wa makarantar tambaya suka ce ba su san da sunansa ba. Har yau abin yana ci mini rai. Kuɗin makaranta asusun makaranta yake shiga, wanda ka gani a shafinta, ba na wani mutum ba.

Kafin ka biya, karanta ƙa'idar mayar da kuɗi idan an hana ka biza. Yawanci suna riƙe wani kaso su mayar da sauran in ka nuna takardar ƙin. Idan katin nairarka ya ƙi biya, yi amfani da asusun kuɗin waje, ko ka tambayi bankinka hanyar biyan kuɗin makaranta a ƙetare. Ɗan'uwa da ke Turai ma zai iya biya maka, muddin an rubuta cikakken sunanka a kan rasit.

Wasiƙar da za su aiko dole ta nuna sunanka kamar yadda yake a fasfo, ranar farawa da gamawa, sa'o'in mako, da shaidar biya. In ɗaya babu, rubuta musu su sake.

Game da tallafi: ma'aikatar harkokin wajen Italiya tana buɗe gurbin tallafin karatu sau ɗaya a shekara ta shafin Study in Italy, jami'o'in baƙin nan biyu ma sukan rage wa wasu kuɗi. Nema, amma kada ka jingina tafiyarka a kansa.

5. Masauki

Fara da ofishin ɗalibai na makarantar, suna da jerin gidajen da suka sani. Ɗaki a gidan haya da wasu ɗalibai ya fi arha, kuma za ka dafa abincinka. Zama da iyalin Italiyawa ya fi tsada amma ya fi koyar da harshe. In shi ka zaɓa, gaya musu tun a wasiƙa cewa ba ka cin naman alade, ba ka shan giya, kana tashi sallar asuba, ka kuma tambaya ko suna da kare a cikin gida, don da yawa suna da shi. 'Yan'uwa mata su nemi gidan mata zalla, ana samu in an faɗa da wuri. Kada ka tura kuɗin ajiya wa wanda ka gani a Facebook yana tallan ɗaki mai arha yana ce maka ya yi tafiya. Tambayi kuma ko akwai fanka. Tsofaffin gidajen ba su da na'urar sanyaya ɗaki, zafin Yuli kuma yakan haura digiri 35.

6. Biza

Nan ne wurin da ya fi buƙatar natsuwa. Zaman da bai wuce kwana 90 ba, bizar Schengen ta gajeren zama ake nema, wato ta rukunin ƙasashen Turai masu amfani da biza guda, da dalilin karatu. Wanda ya wuce haka, biza ce ta daban mai alamar D, kuma da isarka sai ka nemi takardar izinin zama cikin kwanakin aiki 8. Mai kwas ɗin bazara ya tsaya ƙasa da kwana 90, ya huta da wannan.

A Najeriya Italiya tana da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas. Tana kuma da ofisoshi a Yamai, Akara da Yawunde. Shiga shafin ofishin ƙasar da kake zaune ka sauke jerin takardun bizar karatu na shekarar, don shi ne hujja, kuma a nan za ka ga inda ake miƙa takardu. Doka ta yarda ka nema tun saura wata 6, kuma kada ya gaza saura kwana 15. A ƙa'ida amsa tana fitowa cikin kwana 15, amma tana iya kaiwa 45. Samun ranar ganawar ma kansa aiki ne a wannan lokaci, don haka ranar da wasiƙar shiga ta iso, ranar za ka nemi layi.

Ban da kayan da na lissafa a sama, za ka haɗa da fam ɗin biza, wasiƙar shiga, shaidar masauki na dukan kwanakin, ajiyar kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000 mai aiki a duk ƙasashen Schengen. Kuɗin bizar gajeren zama yuro 90 ne tun Yunin 2024. Dokar ta sassauta wa ɗaliban da karatu ya kai su, don haka tambaya ko ka shiga ciki. Kuɗin kamfanin karɓar takardu daban yake.

Kurakurai uku nake ta gani. Na farko, a ranto kuɗi a zuba a asusu saura mako ɗaya. Asusun da ya yi wata 5 da dubu ashirin, ya wayi gari da miliyoyi, shi da kansa yake tona asiri. In mahaifi ko kawu ne zai biya, kawo bayanan asusunsa shi, da wasiƙar ɗaukar nauyi, da shaidar sana'arsa, da shaidar dangantakarku. Na biyu, ajiyar otal ta bogi. Suna bugawa su tambaya. Na uku, rashin nuna abin da zai dawo da kai: sauran shekarun karatu, aiki, iyali, shago. Rubuta gajeriyar wasiƙa, shafi ɗaya, ka faɗi me kake karantawa, me ya haɗa shi da Italiya, da ranar da za ka koma aji. Mai karanta zane-zanen gine-gine, ko tarihi, ko harsuna, ko ɗinkin zamani, hujjarsa a fili take, ya faɗe ta kawai. Duk takardun su ba da labari guda, ranaku su dace da juna.

Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito. In an hana ka, takardar tana nuna dalili. Gyara wannan dalilin, ka roƙi makaranta ta matsar maka zuwa wata na gaba.

7. Fara harshen tun a gida

Ranar farko za a yi maka gwajin tantance mataki, daga A1 zuwa C2. Kada ka nemi a cusa ka ajin da ya fi ƙarfinka. Amma wata 3 na rabin sa'a kullum a waya zai iya tsallakar da kai ajin gaisuwa da ƙirga.

Bahaushe yana da sa'a a wannan harshe fiye da yadda yake zato. Wasulansu a rubuce 5 ne kamar namu, kuma ana karanta kalma yadda aka rubuta ta. Suna bambanta baƙi mai ƙarfi da mara ƙarfi kamar yadda muke bambanta baba da babba: nono na tara ne, nonno kaka namiji, casa gida, cassa wurin biyan kuɗi. Turawan Ingila da Amurka suna shan wuya a nan, mu kuwa kunnenmu ya saba. Harafin c kafin i ko e kamar namu yake a ci da ce, ch kuma k ne. Sunayensu suna da jinsi, kuma galibi na mace da a yake ƙarewa, kamar a Hausa. Inda muke tuntuɓe shi ne p da v. Pare da fare kalmomi ne daban, haka bene da vene. Tsaya gaban madubi ka horar da leɓɓanka. Ka kuma riƙe cewa malami, da mai gida, da duk babba, Lei ake ce musu a madadin "kai" ko "ke", tu na abokai ne.

8. Tafiya da makon farko

Daga Kano ko Abuja ana bi ta Alƙahira, Adis Ababa ko Istanbul a sauka filin Fiumicino na Roma. Riƙe wasiƙar shiga, inshora da adireshin masauki a jakar hannu, don ana iya tambaya a bakin shiga. In ka fara sauka a wata ƙasar Schengen kamar Faransa ko Jamus, kuma a gidan haya za ka zauna, sai ka je ofishin 'yan sanda na Questura cikin kwana 8 ka bayyana isowarka. Otal shi yake yi wa baƙonsa wannan.

Daga filin jirgin, jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kai ka Termini, babbar tashar Roma, cikin minti 32. Sunayen garuruwa a allon tasha da Italiyanci suke, shi ya sa nake ta rubuta Firenze da Venezia. Tikitin takarda na ƙananan jiragen ƙasa da na bas dole ka cusa shi a ɗan injin ya buga masa lokaci, in ba haka ba tara ce, kuma mai duba tikiti ba ya jin "ban sani ba". Jakarka a gabanka a Termini da cikin bas mai cunkoso. Daga Najeriya taho da mahaɗin soket, don namu mai ƙafa uku masu faɗi ba ya shiga nasu. Lambar gaggawa 112. In an nemi lambar haraji ta codice fiscale wajen haya ko layin waya, kyauta ake bayarwa a ofishin Agenzia delle Entrate.

Haddace kalmomin nan: maiale, prosciutto, pancetta, guanciale, salame, mortadella, lardo, strutto. Duk alade ne, na ƙarshen kitsensa ne da ake sawa a wasu burodi da gurasar piadina. Taliyar carbonara da amatriciana da shi ake yin su. Ce "senza maiale, senza vino", wato ban da alade, ban da giya. Pizza margherita, taliya da miyar tumatir, da kifi za su riƙe ka, akwai kuma mahautan halal a kusa da tashoshin jirgi na yawancin garuruwa. Nemi katin cin abinci a kantin ɗalibai, mensa. Magariba takan kai kusan ƙarfe 9 na dare, asuba kuma kafin 4, don haka tsara barcinka. Babban masallacin Roma, da aka buɗe a 1995, ya cancanci Juma'a guda.

9. Yadda ake kallon fasahar

Kada ka shiga gidan zane da niyyar ganin komai. Zaɓi ayyuka 5, karanta kansu da dare, ka tsaya gaban kowanne minti 10 da ɗan littafi, ka rubuta abin da ka gani da Italiyancin da kake da shi. A Siena fara da zanen bango na Ambrogio Lorenzetti a fadar gari, na 1338 zuwa 1339, mai nuna gari a ƙarƙashin mulkin adalci da na zalunci: a nan kasuwa na ci, manoma na shigo da kaya, a can gidaje na rushewa. Ba ka buƙatar malami ya fassara maka shi. A Firenze hau ƙubbar babbar majami'ar garin, aikin magini Brunelleschi, da aka gina daga 1420 zuwa 1436 ba tare da katakon tallafi daga ƙasa ba, ka duba yadda aka jera tubalin.

Uffizi da Accademia, manyan gidajen zane na Firenze, ba sa buɗewa ran Litinin, kuma a bazara gara ka yi ajiyar lokaci ta intanet. Lahadin farko na kowane wata gidajen tarihi na gwamnati kyauta ne, sai dai layi. Rangwamen 'yan shekara 18 zuwa 25 na 'yan Tarayyar Turai ne, kada ka sa shi a lissafi, amma nuna katin makarantarka ka tambaya. Majami'u suna son a rufe kafaɗa da gwiwa. Ka kuma sani tun daga gida cewa da yawa daga ayyukan nan na addinin Kirista ne, wasu gumakan kuma tsirara suke. Wanda wannan zai dame shi ya karkata ga kwas na gine-gine, ko saƙa, ko aikin fata, ko tsofaffin rubuce-rubucen hannu, ya kuma gaya wa malaminsa.

In kuɗi ya ragu, Palermo da ke tsibirin Sisili ta cancanci ƙarshen mako. Musulmi sun fara shiga Sisili a 827, kuma rufin Cappella Palatina na ƙarni na 12 aikin hannu ne irin na ƙasashen Musulmi, da rubutun Larabci a jikinsa. A Roma kuma Hasan al-Wazzan, da Turawa ke kira Leo Africanus, ya kammala bayaninsa kan Afirka a 1526 da Italiyanci, inda ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Gobir da Zamfara. Jami'ar L'Orientale ta Napoli ta daɗe tana koyar da Hausa. Duk ɗalibin da aka ba aikin gabatarwa a aji, ɗaya daga cikin waɗannan nake ce masa ya ɗauka.

10. Kafin ka dawo

Saura mako ɗaya, je ofishin ɗalibai ka nemi takardar shaidar halarta da ta maki. Yawancin makarantu suna da adadin fashin da in ka wuce shi ba za su ba ka ba, don haka yawon buɗe ido ya tsaya a Asabar da Lahadi. Shaidar halarta daban take da CELI ko CILS, waɗanda jarrabawa ce mai ranakunta da kuɗin rajistarta. Tambayi ranar tun makon farko ko za ta faɗo cikin zamanka.

Duba bizarka da kyau: akwai ranar ƙarewa, akwai kuma adadin kwanakin da aka ba ka, kuma wanda ya fara cika shi ne iyakarka. Za ka gamu da masu ce maka ka tsaya kawai, aiki zai samu. Bizar nan ba ta aiki ba ce, kuma wuce kwana yana shiga rajista ya biyo ka duk lokacin da ka sake nema, har ga wanda ke son komawa digiri na biyu. Karɓi kuɗin ajiyar ɗakinka a rubuce, ka ajiye katin shiga jirgi na dawowa a cikin jakar robar nan tare da sauran takardun, don za a iya neman sa a nema na gaba.